Mushe Zailani na Lazaret da Kalmar da Ya Ƙi Koyarwa

Haihuwa da asali

A wani dare na damina, cikin shekara ta 1950, mutanen unguwar Zongo ta birnin Yamai suka ji wata ƙara daga wajen kogi wadda ba su taɓa jin irinta ba, da farko kamar ana jan babban turmi a kan dutse, sa'an nan ta koma kamar kukan sa da aka cusa kansa cikin randa. Wasu suka ce dorina ce ta rasa ɗanta, wasu suka ce wani inji ne Nasara suke gwadawa, kuma har tsofaffin wancan zamani suka ƙare ba a daidaita a kan sunan abin ba. A cikin wannan dare ne aka haifi Malam Zailani, wanda daga baya duk unguwar Lazaret ta sani da Mushe Zailani, wato Monsieur, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Mahaifinsa shi ne Malam Dauda maɗinki, mutumin Tasawa ta ƙasar Maraɗi, wanda ya shigo Yamai da keken ɗinkinsa ɗaure a bayan raƙumi. Mahaifiyarsa Raliya 'yar Damagaram ce, mai saƙar faifai. Shi ne na uku a wurinsu, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu.

An ruwaito cewa ya daɗe bai bar ɗabi'ar jarirai ta kai komai baki ba. Har ya kai munzalin a aike shi kasuwa yana lasar almakashin mahaifinsa, yana shinshinar yadi, kuma yakan rarrabe shadda da atamfa da hanci ko da an rufe masa ido.

Neman ilimi

A shekara ta 1955 aka sa shi makarantar allo a Zongo, kuma a 1957 aka rubuta shi a lakwal, wato makarantar boko. A wancan zamani littafin karatu ɗaya ne, yana hannun malami. Ana rubuta kalmomin Faransanci a allo, yara su yi ta rerawa har su haddace, wanda ya kuskure ya sha bulala. Zailani yana da kaifin hadda, don haka bai sha duka da yawa ba, amma mafi yawan abin da yake rerawa bai san kamanninsa ba. Akwai kalmar *pomme*, wato tuffa, wadda ya yi shekaru yana zaton wata 'yar dabba ce irin kurege, saboda a cikin jimlar da suka haddace an ce ta faɗo daga kan itace ta gangara.

Gaskiyar al'amarin ba ta bayyana masa ba sai a shekara ta 1965, yana kwaleji, ranar da mahaifinsa ya aike shi ya kai ɗinki kantin wani Balarabe kusa da ƙaramar kasuwa. A nan ya ga akwati cike da wasu 'ya'yan itace jajaye, ya tambayi sunansu, aka faɗa masa. Ya tsaya ya ƙura musu ido har mai kantin ya ji tausayinsa ya yanka masa ɓari. Daga baya yakan ce a ranar ne ya koyi kalmar, kuma a ranar ne ya ji haushin duk shekarun da ya yi yana kiran dabbar da babu ita. Ana ganin wannan ne sababin da ya sa ya zaɓi aikin koyarwa. Ya shiga makarantar horon malamai a Damagaram, ya kammala a shekara ta 1971.

Aikin koyarwa

A watan Oktoba na wannan shekara aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Dogon Dutsi, inda ya zauna har cikin shekarun farin da ya karkashe dabbobi. A 1975 aka mayar da shi Yamai, aka ba shi aji a wata sabuwar lakwal a Lazaret, unguwar da a lokacin take cike da mutanen da fari ya koro daga arewa. A ajinsa akwai 'ya'yan Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, yaro ba ya jin harshen wanda ke zaune kusa da shi, balle Faransancin da aka ce a koyar da su da shi.

A nan ne buhu ya samo asali. Kowace safiya Mushe Zailani yakan shigo aji da wani tsohon buhun gero a kafaɗa, da abu ɗaya a ciki. Sai ya kira yaro ya rufe ido ya zura hannu, ya lalubi abin, ya faɗi yadda ya ji shi, da sanyi ko da kaushi ko da nauyi. Sa'an nan a fito da shi ya zaga aji hannu zuwa hannu, kowa ya shaƙa, in na ci ne kowa ya lasa. Bayan haka kowane yaro ya faɗi sunan abin da harshen uwarsa, a kwaikwayi juna, a yi dariya, sai daga ƙarshe Mushe ya faɗi sunansa da Faransanci ya rubuta. Ƙa'idarsa ita ce kalma ba ta hawa allo sai ta bi ta hannu. Cikin abubuwan da suka taɓa fitowa daga wannan buhu akwai kwaɗon ƙofa, da ƙahon rago, da madubin kamiyo, wato babbar motar kaya, da haƙoran roba na wani tsohon soja, da kunkuru mai rai wanda ya tare a ajin har ya tsufa, da bushiya, wadda ba a sake maimaita darasinta ba.

Kalmomin aiki kuwa da jikinsa yake koyar da su. Ranar kalmar tuntuɓe ya yi tuntuɓe na gaske a bakin aji, ya bar rabin haƙorinsa na gaba a wurin, kuma babu wanda ya zauna a wannan aji da ya manta da kalmar. Ranar kalmar haƙuri ya ajiye wa kowane yaro dabino ɗaya a gabansa tun da safe, ya ce ba a ci sai an tashi. Da wata yarinya ta kasa jurewa ta haɗiye nata, bai doke ta ba, sai ya yi mata godiya a gaban aji, ya ce ta samar musu kalma biyu a rana ɗaya, ya koyar da kalmar gaggawa. Sau ɗaya a mako yakan jera su zuwa kasuwar Lazaret, inda mahauta suka saba ajiye masa huhu da ƙoda saboda darasin sassan jiki. Bayan an buɗe wani dogon otel a Gaweye, ya yi ta zarya wajen shugabanninsa har aka yarda yaransa su hau na'urar nan da ke ɗaga mutane zuwa benaye, rukuni-rukuni, domin sunanta yana cikin littafi. Masu duba lakwal sun sha rubuta cewa ajinsa yana da hayaniya da ƙarni, amma babu wanda ya taɓa rubuta cewa yaransa ba su iya magana ba.

Aure da zuriya

A shekara ta 1977 ya auri Iklima, 'yar Alhaji Nura, wani ɗan kasuwa mutumin Tawa da ke zaune a Zongo. Mace ce mai barkwanci da kaifin harshe, kuma sana'arta sayar da ɗanyen kifi, wanda take ajiyewa a firigon mahaifinta, wato firiji. Allah ya azurta su da Nassirou a 1979, da Hadiza a 1981, da Fatima wadda ta koma tun tana goye, sa'an nan Salim da Fa'iza da auta Samira. A 1984 suka tare a gidansu na ƙasa a Lazaret, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Iklima ce ta warware masa matsalar abubuwan da littafi yake ambata amma babu su a ƙasar Nijar. Idan darasin dusar ƙanƙara ya zo, takan kankaro farin garin da ke manne a jikin firigo da cokali, ta cika kwano, ta naɗe shi da tsumma, shi kuma ya taka keke da sauri zuwa lakwal kafin ya narke, yara su taɓa su shaƙa kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Teku kuwa da babban daro yake koyar da shi: a cika shi da ruwan kogi, a narka gishirin Bilma a ciki, yara biyu su riƙa jijjiga shi, sauran su riƙa hura iska da baki, kowa ya tsoma yatsa ya lasa.

Dawowar Boubacar

A lokacin hutun damina na 1988 wani tsohon ɗalibinsa mai suna Boubacar, wanda aka tura karatun injiniya ƙasar Rasha, ya zo gaishe shi. Bayan an gaisa an sha ruwa, sai ya ce: "Mushe, na je na samu dusar ƙanƙara tuli har gwiwa. Na duƙa na ɗiba na shaƙa kamar yadda ka koya mana, sai na ce wa mutanen garin tasu ba ta gaske ba ce, don ba ta ƙarnin kifi. Wallahi har sanyi ya wuce suna nuna ni da yatsa." Iklima ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Mushe Zailani bai yi dariya ba. Ya lura cewa ya yi fiye da shekara goma yana sa wa yara ƙarnin kifin matarsa a cikin wata kalma, kuma suna yawo da shi a duniya bisa amanar da suka ba shi.

Daga wannan rana ya ƙara sharaɗi a kan ƙa'idarsa: abin da bai taɓa haɗuwa da shi da kansa ba, ba zai koyar ba sai ya kawo shaidan da ya gani da ido. Boubacar ya zama shaidan dusar ƙanƙara duk sa'ad da yake gari. Wani ma'aikacin Arlit ya zama shaidan ramin haƙar ma'adinai. Amma a kan teku shaidu suka saɓa. Direbobin hanyar Kwatano da ya gayyato, wani ya ce shuɗi ne, wani ya rantse baƙi ne, wani ya ce ruri yake kamar zaki, wani kuma ya ce shi bai ji komai ba sai warin man jirgi. Mushe ya kifa daro, bai sake cika shi ba. Duk shekarar da kalmar ta zo a littafi sai ya rubuta ta a gefen allo ya ce: "Wannan na rubuta muku ne saboda jarrabawa. Ban koyar da ku ita ba, don ni ma ba a koyar da ni ba. Ranar da na je na gani, zan dawo mu yi darasinta." Haka aji bayan aji suka fita daga hannunsa da kalma ɗaya da ba ta bi ta hannu ba, kuma tsofaffin ɗalibansa in sun haɗu da shi a hanya sukan tambaye shi ko lokacin darasin ya yi.

Tafiyar da ba ta kai ba

A shekara ta 1993 ya yi azama, ya hau bayan wani kamiyo mai ɗauke da albasa zuwa Kwatano. Sun wuce Doso, sun haye kogi a Gaya, har sun kai Faraku, sai wani direba da ya biyo bayansu ya same shi a tasha da labarin cewa mahaifiyarsa Raliya tana kwance rai a hannun Allah. Ya juya a ranar, ya iske ta da sauran numfashi, ta cika a hannunsa. Bai taɓa nuna nadama a kan wannan juyawa ba.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne abin da ya biyo baya. A shekara ta 2004 ɗansa Nassirou ya zama direban kamiyo a kan wannan hanya, yana zuwa bakin teku kamar mai zuwa kasuwa, kuma ya sha cewa, "Baba, ga kujera kusa da ni." Kullum sai Mushe ya kawo uzuri, yau jarrabawa ta matso, gobe damina ta ɓata hanya, jibi azumi ya kusa. An ji Iklima tana ce masa a tsakar gida: "Malam, kai da ka kama bushiya da hannu, ruwa ne zai ba ka tsoro? Ka je ka gani mu huta, ko ni in bi Nassirou in dawo in koya maka." Mutum ɗaya kaɗai Mushe ya taɓa buɗe wa cikinsa, wato maƙwabcinsa Garba mai faci, wanda rumfarsa take jingine da katangar gidan. Ya ce masa: "Garba, shekara da shekaru ina da nawa tekun a ka. In na je na tarar bai kai ba fa?" Garba, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, bai ɗaga kai daga tayar da yake liƙewa ba, ya ce: "Sai ka dawo ka faɗa wa yara bai kai ba. Ba aikinka ke nan ba?"

Shekarun tsufa

Ya ajiye aikin gwamnati a shekara ta 2010, bayan ya ƙi karɓar shugabancin lakwal har sau biyu, saboda shugaba ba shi da aji. Sai ya mayar da zauren gidansa makaranta, inda yaran unguwa suke taruwa bayan la'asar. A wannan zamani ya ƙara da koyar da tsofaffin kalmomin Hausa, domin ya lura cewa jikokin mutanen Maraɗi da Damagaram da aka haifa a Yamai ba su san akushi ko maburgi ba, ga su kuwa a ɗakin kakanninsu. Da wayar salula ta yawaita, yara suka riƙa kawo masa hoton teku mai motsi, har da ƙararsa. Yakan karɓa ya duba da kyau, ya shafa gilashin, ya kai yatsa hanci, ya mayar wa mai ita ya ce hannunsa bai jiƙe ba.

A shekara ta 2021 Iklima ta rasu bayan gajeriyar jinya. Waɗanda suka san shi sun ce daga nan ne uzurori suka ƙare masa, kamar dai da ma ita yake jira ta gaji da tsokanarsa. Ya yi jinyar ƙafa ta wani lokaci, kuma da ya samu sauƙi ya kira Nassirou da kansa, suka tsayar da tafiya a watan Agusta na 2023. Ya ɗinka sabuwar riga, ya sanar da yaran zaure. Ana saura kaɗan a tashi aka rufe iyakar Nijar da Binin, kamiyon Nassirou ya tsaya a tasha tare da ɗaruruwan irinsa. Mushe ya ninke rigar ya ajiye, abin da ya ce kawai shi ne wannan karon ba daga wajensa ba ne.

A shekarar da ta biyo baya 'ya'yansa da tsofaffin ɗalibansa suka haɗa kai suka samar masa kujerar aikin hajji. Wata ɗalibarsa mai suna Safiatou, wadda ke aiki a kamfanin jigilar alhazai, ita ce ta shaida masa cewa jirgin Madina yana ratsawa ta saman Bahar Maliya, kuma bayan an gama aikin hajji ana iya kai shi bakin ruwan a Jidda ya tsoma hannu. Bai roƙi komai ba sai kujerar da ke kusa da taga, kuma aka ba shi. Damuwarsa ɗaya ce: tsufa ya sa masa ɗabi'ar yin barci da zarar abin hawa ya motsa, ko taksi ya shiga daga Lazaret zuwa babbar kasuwa sai an tashe shi. Saboda haka ya cika aljihu da goro. Ranar sallama ya tara yaran zaure, ya ce musu zai fara gani daga sama, sa'an nan ya taɓa, ya shaƙa, ya lasa, kuma darasin farko bayan dawowarsa shi ne wannan kalma, kowa ya gaya wa ubansa da uwarsa da suka taɓa zama a ajinsa su zo.

Rasuwa

Ya tashi daga Yamai a ƙarshen watan Mayu na shekara ta 2024, wanda ya yi daidai da watan Zulƙida na 1445, bayan doguwar jira a filin jirgi wadda ta gajiyar da shi ƙwarai. Babu wani daga iyalinsa a cikin ayarin. Ya sauka Madina lafiya, ya kira gida sau ɗaya da wayar wani alhaji, muryarsa tana yankewa. Ya ce ya yi sallah a masallacin Manzo, ya yi wa kowa addu'a, ya tambayi lafiyar jikoki, sai layin ya katse, kuma a cikin murna babu wanda ya tuna ya tambaye shi wani abu. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya kwantar da shi, kuma Allah ya karɓi ransa a wani asibiti na birnin, yana da shekara saba'in da huɗu, bai kai ga Makka ba, bai kai ga Jidda ba. Aka yi masa sallah a masallacin Manzon Allah, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a, abin da malaman unguwa suka bayyana a matsayin kyakkyawan ƙarshe da ba kowa ke samu ba. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar: Nassirou, direban kamiyo, Hadiza, ungozoma a wani asibiti a Maraɗi, Salim, maɗinki a shagon kakansa a Zongo, Fa'iza, malamar lakwal a Tawa, da Samira, wadda ke aure a Gaweye, da jikoki masu yawa, da ɗalibai waɗanda ba a san adadinsu ba.

An yi zaman makoki a ƙofar gidansa a Lazaret, alhazan da suka tafi tare da shi ba su riga sun dawo ba. Ranar sadakar uku tabarmi suka cika titi, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, yaran zaure kuma sun jeru a jikin katanga. Bayan an shafa fatiha, mutane sun fara neman takalmansu, sai Garba mai faci ya gyara murya ya ce:

"Nassirou, ɗana, da jirgin ya kai saman ruwan, akwai wanda ya tashe shi kuwa?"

Nassirou ya dubi Salim, Salim ya dubi tabarma.